Abin da Wuƙata ta Gani

Shekara talatin ina fasa cikin kifi
a bakin tafkin Gidimuni.
Ban yi lakwal ba,
amma na iya karatun hanta.

Da, in na ɗaga kunnen karfasa,
ja ne wur, kamar tofin goro.
Hantar tarwaɗa sai ta zille daga yatsa don santsi,
ƙwai kuwa dam, kamar zangarniyar gero a shekarar albarka.
Yau kunnen ya koɗe, majina ta lulluɓe shi,
hantar tana marmashewa tun wuƙa ba ta kai ba,
matsarmama ta kumbura
kamar zuciyar mai riƙo.

An ce kifi na ganinka, mai jar koma.
Na bana ba ya ganin kowa.
Yana tasowa da hantsi, baki buɗe,
yana roƙon iska a wurin da ba nasa ba,
ya yi ta juyi wuri ɗaya kamar tunkiya mai hajijiya,
har yaro ya sa hannu ya ɗauke shi.
Zabairu, maigidana, ya ce:
kifin da bai guje ni ba, ni zan guje shi.
Ya rataye komarsa a kan dabino,
gizo-gizo ya gaje ta.

Ruwa ba ya tsami banza.
Na san mai tsamin, ni na goya shi.

Lawali ne, ɗana na uku,
da tulun feshi a baya kamar goyon jariri,
yana bin kunyoyin kabeji da sassafe,
ba takalmi, tsumma a hanci.
Kwalbar ya sayo ta ranar kasuwa,
rubutun jikinta ba mai iya karantawa a garin nan,
sai dai hoton ƙoƙon kai da ƙashi biyu,
shi ma rana ta cinye shi.
In ya gama, sai ya gangara,
ya ɗauraye tulun nan inda nake ɗauraye kifi.
Abin da ya rage a ganye
ruwan sama ya kai saƙon.

To in zage shi?
Bara waccan tsutsa ta cinye lambun ƙaf,
na ga ƙato yana kuka a bayan rumbu.
Kwanon da ke kanmu kuɗin kabeji ne.
Da dare uba da ɗa akushi ɗaya suke sa hannu,
ba mai ɗaga ido.

Ran Talata wata yarinya ta zo daga Damagaram,
Gaptiya, ɗalibar jami'a, da kwalabe cikin ƙanƙara.
Ta zaɓi kifin da kowa ya ƙi,
mai gyambo a gefe, mai karkataccen baya,
ta biya jika guda ba ciniki.
Ta ce, Inna, tun yaushe?
Na ce, ban riƙe wata ba, ƴata,
amma tun daminar da kwaɗi suka rage surutu.
Ta rubuta.
Ashe shirun kwaɗi ma abin rubutawa ne.

Jiya jikata Habsu ta miƙo hannu
tana son kan tarwaɗa, rabonta na kullum.
Na ce ya ƙone.
Na haƙa rami bayan danga na binne shi,
kyanwa tana kallo, ba ta ko matso ba.

Da dare na ce da Lawali,
ba don kifi ba, don wannan hannun.
Bai tanka ba.

Yau da asuba na hango shi
yana hawa tudu, ya ba tafki baya,
tulu a kafaɗa, bokitin ruwa a hannu,
yana tafiya kamar mai kai gawa.
Ko ya isa, ban sani ba.
Lambu ɗari ne a bakin ruwan nan,
ɗa guda na haifa a cikinsu.

Na dai wasa wuƙata.
Gobe in ga abin da hanta za ta ce.